Robert Moog: Injiniyan Da Ya Koya Wa Lantarki Tace Sauti

An haifi Robert Arthur Moog a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 23 ga Mayu, 1934, ya kuma rasu a garin Asheville da ke jihar North Carolina ranar 21 ga Agusta, 2005, yana da shekara 71. Sunansa, wanda ake furtawa Mog da jan wasali kamar na kalmar ƙofa, ya zama sunan wata na'ura, har ta kai akwai lokacin da mutane da dama a Amurka da Turai ke kiran kowace na'urar ƙera sauti da shi, ko da wani kamfani ne daban ya yi ta. Na'urar ita ce sintesaiza. Duk wanda ya taɓa jin wani amo mai kauri yana buɗewa sannu a hankali a cikin kiɗan zamani, kamar ana yaye labule daga bakin lasifika, to ya ji aikin wani ɗan sashe da Moog ya ƙera ya saka a cikinta, wato matatar sauti.

Ya tashi a unguwar Flushing ta yankin Queens. Mahaifinsa injiniya ne a kamfanin wutar lantarki na Consolidated Edison, yana da ɗakin aiki a ƙasan gida cike da wayoyi da kayan rediyo. Mahaifiyarsa kuwa ta fi son ya zama gwanin fiyano, ta sa shi darasi na shekaru. Yaron ya koyi fiyanon, amma hankalinsa na ɗakin ƙasa.

Yana ɗan kimanin shekara 14 ya haɗa teramin ta farko da hannunsa, bisa zanen da ya gani a wata mujalla. Teramin kayan kiɗa ne da Leon Theremin ya ƙirƙira a Rasha wajajen 1920, kuma ba a taɓa ta in ana kaɗa ta. Tana da eriya biyu. Makaɗi na kusantar ɗaya da hannu sauti ya yi sama, ya kusanci ɗayar ƙararsa ta ragu. Wannan na'ura ta kama zuciyar Moog kamun da bai sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya gama makarantar sakandaren kimiyya ta Bronx a 1952, shekara guda bayan haka shi da mahaifinsa suka buɗe ɗan kamfani mai suna R. A. Moog, suna haɗa teramin suna sayarwa. Da cinikin ya riƙa tallafa wa karatunsa: kimiyyar lissafin halitta a Kwalejin Queens, injiniyancin lantarki a Jami'ar Columbia, sannan digirin digirgir a Jami'ar Cornell, wanda bai kammala ba sai 1965 saboda kasuwanci ya raba masa hankali. A 1961 ya fitar da teramin mai aiki da taransisto wadda mai saye ke haɗawa da kansa a gida, a kan kusan dala 50, ya sayar da wajen guda 1,000. Da wannan ɗan jari ya kama shago a ƙaramin garin Trumansburg, kusa da Cornell, a 1963.

A watan Nuwamba na shekarar ne, a wani taron malaman kiɗa da aka yi a Rochester, ya haɗu da Herbert Deutsch, mai tsara kiɗa kuma malamin jami'a. Deutsch ya gaji da yadda ake haɗa kiɗan lantarki a lokacin, inda mutum zai ɗauki sauti a zaren rikoda, ya yanka da reza, ya liƙa, ya kwashe kwanaki kafin ya sami kiɗan minti guda. Akwai babbar na'urar RCA Mark II a cibiyar Columbia da Princeton, amma ta cika ɗaki guda, kuma da takarda mai huji ake ba ta umarni. A bazarar 1964 mutanen biyu suka shafe makonni a shagon Trumansburg, ɗaya na faɗin irin sautin da yake nema, ɗayan na lalubo yadda waya za ta ba da shi. A watan Oktoba Moog ya kai abin da suka samu taron ƙungiyar injiniyoyin sauti a New York, ya gabatar da maƙala, kuma tun a wurin ya fara karɓar oda. Cikin masu sayen farko har da Alwin Nikolais, mai tsara raye-rayen dandamali.

Dabarar da ta haɗa komai ita ce sarrafa kowane sashe da ƙarfin lantarki. Maimakon mutum ya riƙa murɗa maɓalli da hannu, wani sashe zai aika wa wani da ɗan ƙarfin wuta ya juya shi. Moog ya kafa ƙa'ida mai sauƙi: ƙarin bolt ɗaya na ninka saurin kaɗawar sauti sau biyu, abin da makaɗa ke kira tazarar oktaf. Kamfanoni da yawa na bin wannan ƙa'ida har gobe.

Kafin a gane abin da matata ke yi, sai an san yadda sauti yake. Sauti kaɗawar iska ce, ana auna ta da yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake kira haz. Kunnen matashi mai lafiya na ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Sai dai kusan babu kayan kiɗan da ke fitar da kaɗawa guda tilo. Idan tsirkiyar goge ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, wannan ita ce uwar sautin, amma tana tafe da 'ya'ya: ɗaya a 880, wani a 1,320, wani a 1,760, haka har sama. Uwar ce ke nuna matakin da sauti yake a kai; yawan 'ya'yan da ƙarfin kowannensu shi ke ba shi kama. Dalili ke nan da ya sa algaita da sarewa za su busa mataki ɗaya, amma ko yaro ya bambance su: algaita cike take da 'ya'yan sama masu kaifi, sarewa kuwa kusan uwar ce kaɗai.

Hanyar da Moog ya bi ta yi kama da ta mai sassaƙa turmi, wanda ke farawa da gungumen itace ya riƙa ragewa. Sashen farko na na'urar na haifar da ɗanyen sauti mai yawan 'ya'ya. Wanda zanensa ya yi kama da haƙoran zarto na ɗauke da dukkansu, mai kusurwa huɗu kuma na ɗauke da na uku da na biyar da na bakwai, yana tsallake na tsakaninsu. Ɗanyen sautin nan ba daɗi gare shi ba, zuzu yake yi kamar rina ta shiga gwangwani. Matata ce ke mai da shi kiɗa.

Matatun sun kasu gida huɗu, kodayake ba ɗaya suke a daraja wajen makaɗa ba. Wadda ta fi kowace aiki ita ce mai sakin kauri. Tana da iyaka. Duk abin da ke ƙasa da iyakar ya wuce, na sama kuma a danne shi. Ita ce abin da ke faruwa idan ana biki a maƙwabta aka rufe ƙofa: dukan ganga na ratsa bango, muryar zabiya da ƙarar kuge su ɓace. In aka sauke iyakar sauti ya yi duhu, ya yi taushi. In aka ɗaga ta ya washe. Kishiyarta ita ce mai sakin kaifi, wadda ke zubar da ƙasa ta bar sama, sauti ya fito siriri kamar daga lasifikar ƙaramar waya. Masu haɗa kiɗa a ɗakin ɗaukar sauti na yawan amfani da ita don share gurnanin da ke cunkushe waƙa. Idan aka jera waɗannan biyu a layi ɗaya, sai a sami mai sakin tsakiya, wadda ke datse sama da ƙasa. Tsohuwar wayar tarho haka take, tana wuce abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 kawai, shi ya sa murya a cikinta ke fita kamar ta hanci. Ta huɗu na yin akasin haka, tana ƙwaƙule siririn yanki guda ta bar saura, kuma da ita ake cire gurnanin haz 50 da wutar lantarki ke cusawa a lasifika a ƙasashe irin su Najeriya. A jerin kayan Moog, mai sakin kauri ita ce lamba 904A, mai sakin kaifi 904B, sannan 904C na haɗa su su ba da sauran biyun.

Ba Moog ne ya ƙirƙiri matatar lantarki ba. George Campbell na kamfanin tarho na Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus sun riga shi tun wajajen 1915, don raba saƙonni a kan waya ɗaya. Amma tasu a kafe take, inda aka ajiye iyaka nan za ta zauna. Abin da kiɗa ke bukata shi ne iyaka mai motsi, domin sautin gaske ba ya tsayawa wuri guda. Kakaki na farawa a dushe ya buɗe. Molo na farawa da kaifi, 'ya'yan sama su riga uwar mutuwa. Bakin ɗan Adam ma matata ce mai motsi: maƙogwaro na ba da ɗanyen sauti, harshe da leɓɓa su mai da shi a, ko i, ko u. Mai kaɗa bambaro ya san wannan sarai, don ƙarfen mataki ɗaya yake bugawa, kogon baki ne ke zaɓar ɗan sautin da zai fito fili. Gustav Ciamaga na Jami'ar Toronto a Kanada na cikin waɗanda suka nuna wa Moog bukatar matatar da wuta za ta iya juyawa, Vladimir Ussachevsky na Columbia kuma ya fayyace masa yadda za a tsara tashin sauti da saukarsa da tsayuwarsa da mutuwarsa. Da aka haɗa biyun, kowane danna maɓalli na iya buɗe matata ya rufe ta cikin ƙiftawar ido.

Amsar da Moog ya samo ita ake kira matatar tsani, saboda yadda zanenta yake a takarda: taransisto bibbiyu an ɗora su bisa juna kamar sandunan gefe, da kafasito huɗu a gicciye kamar matakala. Ƙarfin wutar da ke ratsa tsanin shi ke sauya turjiyar taransistocin, iyaka ta matsa sama ko ƙasa. Kowane mataki na rage desibel 6 a duk oktaf, huɗun su ba da 24. Ma'ana, duk ninki ɗaya da aka yi sama da iyaka, tsawon kaɗawar na komawa wajen kashi ɗaya cikin 16. Matata mai mataki biyu, mai desibel 12, kashi ɗaya cikin 4 take mayarwa, don haka takan bar ɗan ƙyalli a sama. Ta Moog yankan wuƙa take yi.

Sai kuma abin da ya fi ba ta suna. Moog ya ɗebi wani kaso na abin da ya fito daga tsanin ya mayar da shi baki a juye. A daidai bakin iyaka, jinkirin da matakan huɗu suka tara na sake juya shi, sai ya ƙara wa sautin wurin ƙarfi maimakon ya rage. Sakamakon shi ne tudu a bakin iyaka, wanda in yana tafiya sama da ƙasa kunne ke jin kamar na'urar na cewa wau. In aka ci gaba da murɗa maɓallin, sai matatar ta fara fito da kanta, tsantsar sauti marar 'ya'ya, ko ba a ba ta komai ba. Tana da aibi: tudun na hawa, kaurin ƙasa na raguwa. Haka kuma in aka tura mata sauti da ƙarfi takan ɗan murguɗa shi. A ma'aunin injiniya waɗannan kurakurai ne. Kunnen makaɗa bai yarda da ma'aunin ba, kuma a nan makaɗan suka fi gaskiya, domin wannan 'yar murguɗar ce ake kira ɗumi da kitse a sautin Moog.

Ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a watan Oktoba na 1966, aka ba shi a ranar 28 ga Oktoba, 1969, mai lamba 3,475,623. Cikin dukkan dabarun da ke cikin sintesaizarsa ta farko, matatar kaɗai ya kare da doka. Sauran ya bar su a fili, kowa ya ɗiba.

Da farko jami'o'i da masu kiɗan talla ne kasuwarsa, don babbar na'urar na kai dala 10,000, ga wayoyi rututu da sai an soka kafin ta yi ko tari. A California, Don Buchla na ƙera tasa a daidai wannan lokaci, ya ƙi saka mata allon fiyano don kada ta zama baiwar tsohon kiɗa. Moog ya saka, kuma wannan zaɓi ne ya kai tasa hannun jama'a. A 1967 Paul Beaver da Bernie Krause suka baje ta a bikin kiɗa na Monterey. A 1968 Wendy Carlos, wadda ta daɗe tana ba Moog shawara kan gyare-gyare, ta fitar da faifan Switched-On Bach, inda ta kaɗa ayyukan Johann Sebastian Bach da na'urar, layi bayan layi, tunda sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Faifan ya ci lambar Grammy uku, ya kuma yi kasuwar da faifan kiɗan gargajiyar Turai bai saba yi ba. Shekara ta gaba Beatles suka yi amfani da ita a faifan Abbey Road, Keith Emerson kuma ya riƙa hawa dandamali da ita tsayinta ya fi nasa. Ba kowa ya yi murna ba. Ƙungiyar makaɗan Amurka ta taɓa hana amfani da ita a ayyukan kasuwanci na ɗan lokaci, bisa tsoron za ta raba mambobinta da abincinsu.

Kasuwar ta tashi kamar wutar kara, ta kuma mutu kamar ita. Kamfanonin faifai sun yi ta kwaikwayon Carlos ba su dace ba, oda ta tsaya. A cikin wannan ƙunci ne wani injiniyan shagon, Bill Hemsath, ya tattara ragowar kaya ya haɗa 'yar ƙaramar na'ura a lokacin hutun cin abinci. Daga ita aka samo Minimoog a 1970: maɓallan fiyano 44, mahaifar sauti uku, matatar tsani ɗaya, babu wayar sokawa, mutum ya rungume ta ya shiga mota. Wani kuskuren lissafi ya sa sautin na shiga matatar da ƙarfi fiye da yadda aka nufa, da aka gano kuma aka bar shi haka, don ya riga ya zama muryar na'urar. An ƙera sama da 12,000 kafin a daina a 1981. Sun Ra da Rick Wakeman da Kraftwerk a Jamus duk sun kaɗa ta. Bernie Worrell ya maye gurbin jitar bes da ita, Stevie Wonder da Giorgio Moroder kuma suka gina fayafayansu na shekarun 1970 a kan manyan na'urorin Moog.

Shi kuwa mai sunan bai ci moriyar ba. Moog injiniya ne na ƙwarai, amma ɗan kasuwa ne mai rauni, kuma bai ɓoye hakan ba. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, a 1971 ya sayar da shi ga Bill Waytena, aka kwashe shi zuwa kusa da Buffalo. A 1973 kamfanin Norlin ya saye. Moog ya zama ma'aikaci a gidan da ke ɗauke da sunansa, yana zana kayan jita da lasifika, har ya bar aikin a 1977. Ya fita, sunan ya zauna a hannun wasu.

A shekarun nan matatar ta zama fagen gasa. Kamfanin ARP ya saka wata mai kama da ta Moog ƙwarai a na'urarsa ta 2600, da aka yi ƙorafi ya sauya zane. Wasu suka kauce wa takardar mallakar ta hanyar gina tsanin da dayod, kamar EMS a Ingila, da Roland a Japan cikin TB-303. Tom Oberheim ya bi wata hanya a 1974 da matata mai desibel 12 wadda ke ba da nau'o'in huɗu daga da'ira ɗaya, sautinta a sake, mai iska. Korg MS-20 ta 1978 ta jera mai sakin kaifi da mai sakin kauri, kowace da tudunta, tana ihu in an matsa mata. Har yau masu sana'ar na gane na'ura daga matatarta kafin su ga sunan da ke jikinta. Sai a 1983 Yamaha ta fito da DX7, mai ƙera sauti da lissafin kwamfuta bisa dabarar John Chowning na Jami'ar Stanford, wadda ba ta da matata ko ɗaya. Ta mamaye kasuwa, aka riƙa sayar da tsofaffin Minimoog a arha kamar kayan gwanjo, tsohon kamfanin Moog ma ya durƙushe.

Moog ya koma tsaunukan North Carolina a 1978, ya kafa ɗan kamfani mai suna Big Briar, ya koma ga teramin. Ya yi aiki da kamfanin Kurzweil daga 1984 na wasu shekaru, sannan ya koyar a Jami'ar North Carolina da ke Asheville. A wannan tsakani matasan da ke kiɗan rawa a Chicago da Detroit da Landan suka tsinci tsofaffin na'urorin, suka gano cewa murɗa maɓallin iyaka da hannu shi kansa kiɗa ne. Farashinsu ya sake hawa. A 1998 ya fitar da matatar tsani a cikin ɗan akwatin da mai jita ke takawa da ƙafa, amma bai da ikon rubuta Moog Music a jikinsa. Sai a 2002, bayan doguwar shari'a, sunan ya dawo hannunsa, shekara 31 bayan ya sayar da kamfanin. A shekarar ya fitar da Minimoog Voyager, aka kuma ba shi Grammy ta fasaha. Kafin nan, a 2001, ya karɓi lambar Polar a Suwidin.

Shekara uku kacal ya yi da sunan. A watan Afrilu na 2005 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa wanda ba ya yiwuwa a cire, bayan wata huɗu ya rasu a gidansa. Iyalinsa sun kafa gidauniya da sunansa, wadda 'yarsa Michelle Moog-Koussa ke jagoranta, ta kuma buɗe gidan tarihi a Asheville a 2019. An shigar da shi zauren fitattun masu ƙirƙira na Amurka a 2013, bisa takardar matatar tsani. Wa'adin takardar ya ƙare tun a shekarun 1980, kuma a yau kamfanoni da dama na ƙera tsanin ba tare da neman izini ba, yayin da masu rubuta manhajar haɗa kiɗa ke kwaikwayonsa da lissafi, har da raguwar kaurin da 'yar murguɗar.